Bindiga a Cikin Firizar Nama

Shekara tara na yi ina malamin ofis a wata ma'aikatar sojoji da ke Khartoum, sashen da ke kula da takardun bindigogi. Ni ba soja ba ne, ko tsuntsu ban taɓa harba ba. Aikina in rubuta rahoton gwaji, in kai a sa hannu, in buga hatimi a takardar lasisi. Ina da farar riga mai shan guga da Larabci mai santsi, kuma duk tsawon shekarun nan babu wanda ya san Bahaushe ne ni. Ba a tambaye ni ba, ni kuma kullum addu'ata kada a tambaya.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya samo mini aikin. Daga gonakin auduga na Jazira ya shiga soja yana saurayi, da ya yi ritaya aka riƙe shi a ɗakin gyaran bindigogi don an rasa mai hannu irin nasa. Larabcinsa kuwa, kana ji ka san daga inda ya fito. In muka haɗu a farfajiyar ma'aikata sai in ɗaga masa hannu daga nesa in ƙara sauri, alhali a gida, a unguwar Hajj Yusuf, kwano ɗaya muke ci.

Wata shekara aka ce za a tura sojoji duwatsun yamma mai nisa, inda sanyi ke yin tsanani, ana son a zaɓa musu bindiga mai sakata, irin wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi. Iri biyu aka kawo gwaji. Ɗaya tsohon yayi ce, mai nauyi, sakatarta har ƙwas-ƙwas take yi. Ɗayar sabuwa fil, sai sheƙi, kowa ya ɗauka ba ya son ajiyewa. Wadda ta ci ita za a yi wa lasisi a shigo da ita.

Ranar Juma'a bayan mun ci abinci, Kawu ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni.

"Ɗana, mutanen Khartoum sanyin me suka sani? Na zauna a duwatsun nan. Da asuba ruwan buta ƙanƙara yake zama."

Ashe ya lallaɓi mai dafa abincin ma'aikata, ya sa bindigogin biyu a firiza, tsakanin cinyoyin rago, suka kwana. Da safe tsohuwar ta ja sakata lafiya lau. Sabuwar kuwa ƙarfenta a matse yake, man da ke ciki ya daskare kamar man shanu, sai da ya sa ƙarfi kafin ta motsa.

"Ka sa wannan a rahotonka," in ji shi. "Kai ne mai alƙalami."

Na ce to, har da gyaɗa kai.

Aka yi gwajin a wani fili bayan Omdurman, da rana tsaka, ƙarfe ma da ƙyar ake taɓa shi don zafi. A irin wannan rana ai sabuwar ba ta da sa'a. Hafsoshi suna ta murmushi, ina tsaye bayansu da littafina. Can sai Kawu ya ɗaga hannu.

"Janabu," ya ce wa shugaban kwamitin gwajin, "a sa su a firiza tukuna."

"Firiza, ya Hajj? Kifi muka zo saye?"

Wurin ya kaure da dariya. Kawu ya shiga bayani, Larabci ya sarƙe masa, yana nuna sakata yana kwatanta sanyi da kafaɗunsa, dariyar na ƙaruwa. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya juyo gare ni, da Hausa, da ƙarfi:

"Ɗana, faɗa musu da Larabcinka. Ai ka san maganar."

Duk idanu suka dawo kaina. Abin da ya fito daga bakina, da Larabcin nan nawa mai santsi, shi ne:

"Ya Hajj, ban gane abin da kake faɗa ba."

Ya dube ni, ya sauke hannunsa, ya koma ya tsuguna wajen akwatin kayan aikinsa. Na rubuta rahoto shafi uku, babu firiza a ciki. Da hannuna na buga hatimin lasisin sabuwar bindigar, kuma har yau in na tuna ƙarar hatimin nan kunya takan rufe ni.

Bayan sanyi ya wuce akwatunan bindigogin suka fara dawowa. Iyakar sanina ba a rasa rai ba, amma ni na karɓi takardar koken sojojin. Sun rubuta cewa kowace asuba sai soja ya zare sakata ya cusa cikin rigarsa ta yi ɗumi kafin bindiga ta yi aiki. Kawu ya yi makonni yana wanke bindigogin da kananzir, yana goge ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Bai ce wa kowa ai na faɗa ba.

Tun ranar gwajin nake kauce wa gidansa da ƙaryar aiki. Da na karanta koken nan na kasa zaune, na hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, na tafi. Na same shi a tsakar gida tare da mahaifiyata. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya miƙe tsaye, ya jawo mini kujera irin yadda ake yi wa baƙo, ya ce da Larabci, "Bismilla, ya ustaz, zauna." Na yi ta magana da Hausa, yana ba ni amsa da Larabcinsa mai tuntuɓe, cikin ladabi, babu fushi ko kaɗan. Mahaifiyata ta gaji ta ce, "Haba Yaya, ɗanka ne fa."

"Na yafe masa tuni," ya ce mata da Hausa. "Amma ba ya jin Hausa. A gaban mutane ya faɗa, ni kuma ba zan ƙaryata shi ba."

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Ya yi Hausa da matata, ya yi da 'ya'yana, ya riƙa tsokanarsu suna ƙyalƙyala dariya ina zaune a gefe. Ni kam har aka kai shi makwancinsa ban sake jin ya ce mini ɗana ba.