Noreen, Mai Gangar Ruwan Tsatsa

Wanda ya ga Noreen Pulaski a hanya ba zai ce makaɗiya ce ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta kullum jajur saboda ruwan zafi. Tare muka yi aiki a ɗakin wanki na wani asibiti a nan Youngstown, muna ninke zannuwan gado tun muna 'yan mata. Shekarar da aka rufe masana'antar ƙarfe, babanta ya zauna a kujerar falo yana kallon talabijin, bai sake neman wani aiki ba har ya mutu. Nauyin gidan ya dawo kanta. Ƙanenta Lyle, wanda aka sa ran zai gaji uban a bakin tanderu, ya samo tsohuwar jita ya rufe kansa a ɗaki.

Gangunan da Noreen ta zo ta riƙa bugawa na kawunsu ne, wanda yake kiɗan biki a zauren coci kafin ciwon gaɓoɓi ya kama shi. Lyle ya nemi mai buga masa ya rasa, sai ya matsa wa yayarsa. Ta ce za ta taimaka masa na wata guda kafin ya sami wani. Na ukunsu Curtis Mabry ne, dogo mai sanyin hali, shi ke riƙe da babbar jita mai kaurin murya. Suka sa wa ƙungiyar suna Ruwan Tsatsa, saboda launin koginmu.

A ɗakin sanyi na wani shagon nama da aka rufe suke gwaji, duk Lahadi bayan an tashi daga coci. Ƙugiyoyin rataye nama suna nan a saman kansu. Kiɗansu ba na rawa ba ne. Noreen takan kama bugu ɗaya ta yi ta maimaita shi ba gaggawa, Curtis yana bin ta a ƙasa, jitar Lyle kuma tana kuka tana amsa kuwwa har mutum ya manta inda waƙar ta faro. Waƙoƙin duk a kan tanderun da suka huce ne da gidajen da aka toshe wa tagogi da katako. Ranar da suka fara wasa a mashaya, wani tsohon maƙerin masana'anta ya ce kamar ana jan gawa a kan kwalta. Lyle ya yi wata guda yana alfahari da maganar.

Babu kamfanin da ya kula su, don haka da kansu suka buga faifai. Ni da Noreen muka manna bangonsa a teburin kicin, muna yanka hotuna daga tsofaffin kalandun masana'antar. Gidajen rediyon ɗalibai suka fara sa shi. Yara masu baƙaƙen riguna suka riƙa zuwa daga Cleveland da Pittsburgh su tsaya gaban dandamali, ba sa rawa, kai kawai suke kaɗawa. A lokacin ne kaɗai na san Noreen da sayen jan baki.

Amma kunnenta ya fara tafiya. Da rana injinan wanki, ranar hutu kuma lasifika a ɗakin da bangonsa ƙarfe ne. Ni na fara ganewa, don sai na taɓa kafaɗarta take juyowa. Ta roƙe ni in yi shiru. Ta koma cire takalma idan za ta yi kiɗa don ta ji rawar daɓe a tafin ƙafarta, idonta kuma a kan hannun Curtis. Shi ya sani, yakan juyo mata da jikinsa don ta ga hannunsa. Haka suka yi kusan shekara biyu.

A Akron asiri ya tonu. Lyle ya sauya waƙa a tsakiyar wasa, ita kuwa ta ci gaba da ta farko, kai a sunkuye. A wajen loda kaya ya tare ta gaban mutane.

"Yaya, kurma kika zama ne, ko wulaƙanci ne?"

"Ji wanda ke magana," ta ce. "Kai da ka kai shekara tara ina ɗaure maka igiyar takalmi."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya juya mata baya ya faɗi wata magana da ƙarfi, sannan ya juyo ya ce ta maimaita abin da ya ce. Ta tsaya tana kallonsa da sandunan kiɗa a hannu.

Lahadin da ta biyo ta je gwaji da tukunyar kabeji da nama, kamar yadda ta saba. Ta tarar da wani ɗan akwati mai maɓallai a kan kujerarta, na'urar da ke buga ganga da kanta. Lyle bai iya haɗa ido da ita ba. Ya ce na ɗan lokaci ne, sai ta ga likita. Ta ajiye musu tukunyar ta fita. Curtis ya biyo ta har wurin aiki washegari, ya ce an riga an yi alkawarin wasanni a garuruwan bakin tafki, zai je wannan karon, amma idan sun dawo ko da ita ko kuma babu shi.

Ba su kai ba. Da safe, kusa da Erie, motarsu ta zame a kan ƙanƙara ta faɗa ƙarƙashin wata babbar mota. Curtis ya mutu nan take. Lyle ya yi makonni bai san inda yake ba, da ya farfaɗo kuma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi sai kalmomi kaɗan. Shekararsa ashirin da shida.

Likitoci suka ba da shawarar a kai shi gidan masu jinya. Noreen ta ce a'a. Ta saukar da gadonsa falo, inda kujerar babansu take a da. Ita ke yi masa wanka, ta aske shi, ta niƙa masa abinci. Da yake ba ta jin kiransa, sai ta ja waya daga gadonsa zuwa wani jan ƙwan lantarki a kicin, idan yana son ta ya danna da hannun hagu. Wani lokaci don mugunta kawai yake dannawa. Takan leƙo ta ce masa, "Sarkin mawaƙa, me kuma?" Akwai wani direban motar asibiti da ya so aurenta, mutumin kirki. Ya zo cin abinci sau biyu, ya ga yadda gidan yake, bai sake zuwa ba.

Bayan shekara ashirin da wani abu, wasu samari daga Chicago suka tsinci faifan a kasuwar tsofaffin kaya suka sake buga shi. Ya sami masu saurare fiye da da. Suka zo da kyamara don su ga Lyle, ina gidan ranar. Suka durƙusa a bakin gadonsa suna gaya masa cewa shi gwani ne da duniya ta yi wa rashin adalci. Noreen ta kawo musu kofi. Ɗayansu ya gode mata, ya tambaye ni ko ita ce nas.

Lyle ya fara dukan ƙarfen gado da hannun hagu, fuskarsa ta yi ja, yana nuna ta yana cewa, "Yaya. Yaya." Suka ɗauka fitsari yake ji. Ni na gaya musu ko wace ce. Kunya ta kama su, suka roƙe ta ta ɗan buga musu ko kaɗan. Gangunan sun daɗe da ruɓewa a ɗakin ƙasa tun wata ambaliya. Ta ce musu lokacin maganinsa ya yi, ta raka su ƙofa. Sabon faifan da suka bari ba ta da kunnen jin sa, Lyle kuma idan aka sa sai ya yi ta kuka, don haka ba a sa shi a gidan.

Ciwon huhu ya ɗauke Lyle da sanyin shekarar da ta biyo baya. Mu goma sha wani abu ne a wurin binnewa, har da matar Curtis, wadda ta tsaya daga nesa ta tafi kafin a gama. A hanyar dawowa na juyo da fuskar Noreen don ta ga bakina, na tambaye ta ko ta yafe masa kafin ya tafi.

"Yaushe na samu lokaci, Darlene?" ta ce. "Wanki ya yi yawa."

Yanzu tana wani gidan tsofaffi a gefen gari, gwiwoyinta sun ƙi. An rushe gidansu tare da sauran na layin, ciyawa ce a wurin. Nakan je duk Laraba da rana mu yi karta. Ba ma hira sosai, don ni ma idona ya yi rauni ba na iya rubuta mata, ita kuma ta gaji da karanta baki. Tana yi mini maguɗi, ina gani ina ƙyale ta.