Cikin Fari da Tausar Kaka

Cikina na fari ya same ni ina koyarwa a wata makarantar firamare a Birnin Kebbi, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ko takardar hutu mutum ya nema sai ta je Sakkwato ta dawo. Maigidana malamin gona ne, kullum yana fadama wajen manoman shinkafa, daga Ambursa har ƙauyukan bakin gulbi. Ni kuwa 'yar Argungu ce, aure ya kawo ni.

Watannin farko na sha laulayi, ko warin albasa ba na so, abin kunya ga wadda ta tashi cikin manoman albasa. Da laulayin ya sake ni sai wani irin nishaɗi ya kama ni wanda ban san mafarinsa ba. Kome dariya yake ba ni. Akuya ta yi atishawa, dariya. Maigida ya sa hula a karkace, dariya har da hawaye. Amma da wata na shida ya kama sai ƙugu ya ce ga shi nan. In na daɗe tsaye gaban allo sai in ji kamar an ɗaura mini dutsen niƙa a baya. Ƙafafuna suka kumbura, takalmana suka ƙi shiga, na koma zuwa makaranta da silifas ɗin maigida, ina tafe suna yi mini tafi.

Matan unguwa kowa da nata magani. Wata ta ce in kwanta rub da ciki a taka mini baya. Wata ta ce ta san matar da ke murza ciki ta gyara wa ɗa kwanciya. Ranar awo na kwashe duka na faɗa wa malamar asibiti, wata doguwar mata mai tabarau wadda ba ta cika fara'a ba. Ta cire tabaran ta dube ni.

"A taka miki baya? Da cikin wata shida? Ba ke ce malamar makaranta ba?"

Na sunkuyar da kai ina danne dariya. Ta ɗaura mini abin awon jini a damtse, ta duba, ta ce lafiya lau. Sannan ta ce, "Tausa ba laifi ba ce. Tana sassauta ƙugu, tana rage nauyin ƙafa, tana sa barci. Amma a gefe za ki kwanta, ba rub da ciki ba, kuma kada ki daɗe a rigingine. Ciki shafa shi ake yi, ba a danna shi. Ranar da kika ga jini, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai sa ido ganin duhu, ba mai tausa za ki nema ba, ni za ki nema. Kina da tsohuwa a gida?"

Na ce kakata ungozoma ce a Argungu.

"To me kike jira?"

Abin da ban faɗa mata ba shi ne ni ba a taɓa ni. Tun ina ƙarama nake da jin cakulkuli, irin wanda ko yatsa aka nuna mini daga nesa sai in fara tsalle. Ranar ƙunshin aurena sai da mata uku suka danne ni kafin lalle ya hau ƙafata.

Da wata na bakwai ya shiga aka mayar da ni gida goyon ciki. Maigida ya kai ni tasha, ya roƙi direba ya sa ni gaba, ya kuma bi ramuka a hankali. Tun kafin mu shiga Argungu ƙanshin bandar kifi ya tare ni, na ji na iso. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ko kallon kirki ba ta yi mini ba saboda kunya, ta dai turo mini fura ta koma madafi. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta karɓe ni. Gajeruwa ce, hannuwanta sun yi baƙi da hayaƙin banda na shekara da shekaru, kuma rabin yaran unguwarmu a tafinta suka faɗo duniya. Tana ganin yadda nake takowa ta tafa hannu.

"Wagga tahiya awa agwagwa ta ɗauko tulu! Taho nan, yarinya. Gobe da hantsi ni da ke na."

Washegari ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya da ke tsakar gida, ta ajiye man kaɗe cikin ɗan kasko a rana har ya narke. Ta kwantar da ni a gefen hagu, ta sa matashi tsakanin gwiwoyina, ta naɗe tsohon zani ta tura ƙarƙashin cikin ya tallafe shi.

Na ce, "Kaka, malamar asibiti ma a gefe ta ce."

"To ita wa yak koya mata? Ba kakarta ba?"

Ta lakato mai, ta ɗora yatsunta a ƙuguna. Ban san lokacin da na ƙwalla ihu ba. Ƙafata ta tashi da kanta ta shuri kaskon, ya gangara yana juyi har gindin randa, agwagin gidan suka watse suna kururuwa. Goggo, ƙanwar Baba, tana daka, ta saki taɓarya ta durƙusa tana riƙe da turmi. Inna na cikin madafi ta ba mu baya kamar ba ta ji ba, amma ina hango kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa ina kwance ina ƙyaƙyatawa, cikina na sama da ƙasa, ina cewa, "Kaka, ki yi haƙuri, wallahi ba ni ba ce, ƙafar ce."

Ta ce, "Haihuwad da nik karɓa ba ta ƙirguwa, amma ban taɓa ganin mai ciki da harbi awa jaki ba."

Sau uku tana gwadawa, sau uku ina wuntsilawa. Ta zauna ta yi tagumi tana kallona. Can sai ta kwaso ragowar man, ta murza tafukanta har suka yi zafi, ta ɗora mini su gaba ɗaya a ƙugu, ba yatsa ba, tafin duka, ta bar su nan ba motsi.

"Ja numfashi. Sake shi. To, hwaɗa min sunayen ɗiyan ajinku, ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsallake kowa."

Na fara jero su yadda nake kira kowace safiya. Na gama da maza, na shiga mata, ashe tuni tafinta ya fara tafiya a hankali, daga ƙugu zuwa kwatangwalo, ya dawo, ya hau gefen ƙashin baya. Wani ɗumi ya ratsa ni. Abin da ya ƙulle mini wata biyu na ji yana warwarewa kamar ƙullin zani. Na manta inda na tsaya a sunayen. Ta koma ƙafafu, tana shafowa daga idon sawu zuwa gwiwa. Daɗi ya sa na ce ta ƙara matsa mini sha-raɓa da ƙarfi.

"A'a. Sha-raɓar mai ciki ba a matsa ta. Shahwa aka yi, daga ƙasa zuwa bisa."

Cikin kuwa sau biyu kawai ta zagaya shi da tafi, sama-sama. A zagaye na biyu abin da ke ciki ya kai mata shuri har ta janye hannu.

"Kun gani ko? Harbin ga gado na!"

Tsakar gida ta sake rikicewa. Ban ji ƙarshen dariyar ba, barci ya ɗauke ni. Sai bayan azahar na farka da shatin tabarma a kumatu, Goggo na rantsuwa minsharina ya hana kaji kiwo. Na miƙe, na yi alwala, na yi salla ban dafa bango ba. Da na sallame sai na ɗan taka rawa a bakin ɗaki, ni kaɗai, ba kiɗa.

Daga ranar na zama mayyar tausa. Kafin Kaka ta gama shan kunu na shimfiɗa tabarma da kaina, na kai kasko rana. In ƙugu bai yi ciwo ba sai in ƙirƙiro wani wuri. Yau kafaɗa, gobe wuya, jibi ɗan yatsan ƙafa.

"Saura ki ce gashin ido na miki ciwo," in ji ta, amma ba ta taɓa kora ta ba.

Labari ya bazu, masu cikin unguwa suka fara zuwa. Wani lokaci mu huɗu a jere a inuwa, kowa a gefenta, kamar jiragen masunta da aka jawo bakin gulbi. Muna cin soyayyen kifi da yaji, muna gwada cibiyar wa ta fi fitowa, Kaka na bin mu ɗaya bayan ɗaya tana yi mana tsiya. A kwanakin nan barcina ya daidaita, silifas ɗin maigida suka yi mini yawa, takalmana suka sake shiga.

Rana ɗaya ce kawai dariya ta tsaya. Wata matar masunci, ita ma cikin fari, surukarta ta kawo ta tana ɗingishi. Ƙafarta ɗaya ta kumbura ta yi sheƙi, ɗayar kuwa lafiya lau. Surukar ta ce a murje mata jijiyar da kyau. Kaka ta ɗora bayan hannunta a sha-raɓar, ta janye, ta goge mai a zaninta.

"Wagga ba tawa ba ta. Ƙahwa guda ta kumbura, ga zahi awa wuta. In nit taɓa ta na yi ɓarna. Ku kai ta asibiti yanzu, kada ta taka da nisa."

Surukar ta fara ƙorafi, wai ai su tausa suka zo nema. Kaka ta aiki Goggo ta kira maƙwabcinmu mai motar a-kori-kura. An riƙe yarinyar kwanaki a asibiti. Da aka sallamo ta ta dawo layinmu, amma kafaɗa da wuya kaɗai Kaka ke yi mata, shi ma sai da ta tambayi abin da likita ya ce. Daga baya ta haifi namiji lafiya.

Wata Asabar maigida ya zo a babur, ya ɗauro rabin buhun shinkafa. Ya zauna a zaure kai a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Kaka kuwa akwai wasa tsakaninta da shi, mijinta take ce masa. Ta ɗauki kaskonta ta shiga zauren, ni da Goggo muka laɓe bayan zana muna leƙe.

"Angona, ni tsohuwa ta, ba kullum nika nan ba. Ciki na biyu Birnin Kebbi za a yi rainonai. Wa za shi tausa ta?"

Bawan Allah ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ta sa ya kwantar da buhun shinkafar a gefe bisa tabarma, ta ɗaura masa zani, ta ce, "Ga matarka nan. Yi sallama tukuna."

Ya yi wa buhu sallama. Na cusa gefen mayafi a baki. Ta nuna masa inda ƙugu yake, ya ɗora hannu irin na mutumin fadama, ya danna iya ƙarfinsa. Ɗinkin buhun ya ɓalle, shinkafa ta tsiyayo ta cika tabarma.

Kaka ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Ya sa ta haihuwa ba a shirya ba!"

Na zube ƙasa. Dariya nake yi har numfashi ya gagare ni, ina tallafe da ciki, Goggo na roƙona in bari don Allah, ita ma hawaye na zuba. Maigida ya ji muryata ta bayan zana, shi ma ya fashe. Bayan an kwashe shinkafa Kaka ta ce buhu ba ya faɗin inda ke masa ciwo, ta miƙa masa ƙafarta. Tana gyara masa hannu, tana cewa sassauta, yi bisa, haka. Da ya iya sai ta lumshe ido ta miƙo ɗayar. Har la'asar ba ta sake shi ba, ranar gaisuwa kaɗai muka yi da shi a bakin ƙofa. Da zai tafi sai da ya cuɗa hannuwansa da toka, don suna ta santsi a kan babur. Ya dai koya, cikina huɗu na baya duk shi ya yi mini.

Naƙuda ta zo mini wata safiya ina tsakiyar shan kunu. Na ɗauka Kaka za ta ce in shiga ɗaki in durƙusa, sai ta ce in ɗauko katin awo, haihuwar fari asibiti za mu. Da ƙyar ma'aikatan suka bar ta ta shiga ɗakin masu naƙuda, sai da wata daga cikinsu ta gane ta. Duk lokacin da ciwon ya taso sai ta dafe mini ƙasan ƙugu da tafinta ta riƙe, in ya lafa ta shafa. Ba ya ɗauke ciwon, amma yana rage masa kaifi.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata mata daga Augie, ba kowa tare da ita, tana ta kiran bayanta zai tsinke. Kaka ta dubi malamar da ke kula da mu, malamar ta gyaɗa kai. Ta ce mini, "Ina zuwa," ta koma wajen matar. Ta gado na uku ta gani, ita ma ta miƙo hannu. Haka Kaka ta yi ta matsawa gaba. Nawa kuma ya taho da gaggawa, aka tura ni ɗakin ciki, kafin azahar na haifi mace.

Wata malama ta fita ɗakin masu naƙuda neman Kaka. Ta same ta can ƙarshen ɗakin, ta dafe ƙugun wata, suna gardamar ko giwan ruwa ya fi tarwaɗa daɗin miya.

"Tsohuwa, jikarki ta sauka. Mace."

"Alhamdu lillahi! Ku ce mata ta jira ni kaɗan, wagga ta kusa."

Ƙofa a buɗe take, na ji ta sarai. Jaririya na kan ƙirjina, ni ko ƙarfin ɗaga kai ba ni da shi, amma dariya ta kufce mini, har malamar da ke gyara ni ta ce don girman Allah in tsaya wuri ɗaya ta gama aikinta.