Tafin Hannu Tsakanin Kai da Dutse

A bakin tashar jirgin ƙasa ta garin Zwolle wani dogon mutum yana durƙushe a kan daɓen dutse, tabaransa a karye, leɓensa yana zubar jini. Litinin ce ta farkon wata, ranar da ake gwada jiniyar gargaɗi. Kowa ya saba da ita, ban da 'yarsa Fenna mai lalurar galahanga, wadda ƙarar ke tsaga wa kai. Ga alama ya manta abin toshe kunnenta a gida.

Yarinyar tana ihu, tana cizo, tana buga ƙeyarta da ƙasa. Bai danne ta ba. Tafin hannunsa kawai ya shimfiɗa a ƙarƙashin kanta, kowane bugu yana sauka a kan yatsunsa.

"Malam, ƙato da kai, ka kasa tsawata wa 'yar ficiciyar nan?" in ji wata dattijuwa mai tura keke.

"Iya, ki tsawata wa jiniyar," ya amsa, idonsa na kan Fenna.

Ƙarar ta ɗauke, amma bai janye hannun ba. A gaɓoɓin yatsunsa sabon rauni yana kwance a kan tsohon tabo.