Kafofi Huɗu a Rawanin Masallaci

Tun kafin Nasara su iso ƙasarmu, dattawan wani ƙauye da ke kan hanyar Korgom suka aiko Tasawa neman magini. Masallacin soro suke so. Su da kakanninsu a ƙarƙashin rumfar kara suke salla, duk garin kuma babu ɗaki ɗaya da ba jinka ce a kansa ba. Ni aka tura, ina da shekara arba'in, ga ƙarfi ga girman kai.

Rani guda na yi a can. Ƙasarsu rairayi ce, sai da jakuna suka yi ta jido laka daga tafki. Muka cuɗa ta da ciyawa, muka mulmula tubali, muka jera shi layi bisa layi, ba a ɗora wani sai na ƙasa ya bushe. Bangon a gindi ya kai kamu biyu, yana hawa yana sirancewa. Abin da na fi ji da shi bakan gizo ne: baka biyu da suka taso daga bango huɗu suka haɗu a tsakiya, da azarar giginya a cikinsu, na ɗaure da igiya na lulluɓe da laka. Babu ginshiƙi ko ɗaya. Limamin garin, wani tsoho mai yawan kunya, kullum sai ya leƙo ya ce, "Malam magini, mi ka riƙe da shi?" In ce masa Allah, sannan azara.

A sama na kewaye rufin da rawani, wato ɗan gajeren bango, na bar kafofi huɗu a gindinsa inda ruwa zai fita. Indararo huɗu da za a zura a cikinsu mai tukwanen garinmu ba ta gasa su ba tukuna. Na koma gida da niyyar in dawo da su. Ban yi wa kowa bayanin kafofin ba, don a ganina ko akuya ta san amfaninsu.

Ranar wata kasuwa da hantsi, damina ta kawo kai, na haɗu da wani Bafillace da ke kiwo a gefen ƙauyen. Ya ce, "Sannu da aiki, magini, ana ta yabon gininka. Har ramukkan nan huɗu da ka mance liman ya sa an liƙe maka su. Ya ce kada kowa ya hwaɗa maka, don kada ka ji kumya."

Nan take na gane abin da ya faru. Wanda ya tashi a ƙarƙashin jinka, rami a rufi a wurinsa aibi ne, toshe shi ake yi. Amma soron da aka toshe wa kafofi kasko ne. Ruwa zai taru, laka ta sha ta yi nauyi, ta sauko kan duk wanda ke ciki. Na ari dokin maƙwabcina ban ma gama yi masa bayani ba.

Hadari ya haɗu ina hanya, ruwa ya tsuge tun ban hango garin ba. Na iso da la'asar, ga takalma jibge a ƙofar masallaci. Duk mazan garin suna ciki, an riga an tayar da salla. Na ƙwala ihu, amma wa zai yanke sallarsa don ihun magini? Na suri taɓarya a ƙofar wani gida, na haye tsanin da muka bari jingine da bango.

Ruwan ya kai mini ƙwauri. Ƙasar rufin ta yi laushi, ƙafata na nutsewa kamar a cikin tuwo. Na dinga zungurin liƙin farko ina zage-zage, don wallahi sun iya liƙi, aikin da bai kamata ba shi suka yi da zuciya ɗaya. A bugu na biyar ya ɓalle, ruwa ya feso waje. Na bi sauran ukun. Ina tsaye ina haki, ina kallon ruwan yana janyewa daga idon sawuna, sai na jiyo muryar liman ta ƙarƙashin ƙafata yana sallama.

Na sauko na shiga. Bakan gizo na nan daram, sai wata 'yar lema kamar faɗin faifai a kusurwar arewa. Na shigo da faɗa cike da bakina. Liman ya dube ni jiƙe sharkaf, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashe ka ji. Wallahi ba mu so ka sani ba, ɗana."

Na dubi sahu uku na mutane zaune suna tasbihi, ko ɗigo bai taɓa su ba, babu wanda ya san abin da ya tsallake. Faɗan ya bi ruwa, daɗi ya kama ni har hawaye suka zubo. Na ce, "Baba, laihina ne, ni ban hwaɗa maku ba."

Na fita na yi alwala da ruwan da ke zubowa daga kafar gabas, na dawo na yi tawa la'asar a ƙarƙashin rufin.