Darnin da Ban Ba da Izini Ba

Ko na manta komai na ƙuruciyar aikina, ba na jin zan manta da gida na bakwai a sababbin gidajen gwamnati na Faskari.

Lokacin kuɗin man fetur ne, ina sabon fitowa daga jami'a, aka ɗora mini rabon waɗannan gidaje ga ƙananan ma'aikata. Hayarsu ba ta kai ta ɗaki guda a cikin gari ba. Har yau nakan gan su in na lumshe ido, farare tas a bakin gonakin dawa, kwanonsu na ƙyalli, sai ka ce daga sama aka sauko da su.

A gida na bakwai na sa sunan masinjanmu, wani dattijo mutumin Daudawa, wanda ɗakin hayarsa ke yoyo a kan 'ya'yansa. Da muka je dubawa ya shafa bango, ya murɗa famfo yana dariya, sannan ya waiga ya dube ni.

"Malam, gidan nan ai tsirara yake. Ba zaure, ba katanga. Iyalina su yi daka mutanen hanya na ƙirga masu luguden? Bar ni in ja darnin kara, kwana biyu na gama."

Takardar haya kuwa ta hana ƙara komai a jikin gini. Ko darni gini ne? Ban sani ba, kuma na ji tsoron kuskure. Na ce, "Baba, mai yiwuwa babu laifi, amma bari in rubuta sama tukuna."

"To Malam, Allah shi sa takardar ta riga shanu," ya ce yana murmushi.

Ba ta riga su ba. Aka gama girbi, shanu suka cinye karan, amsa shiru. Wa'adin shiga gida ya wuce Baba bai tare ba saboda rashin darni, manya suka miƙa makullin ga wani ɗan kasuwar Ƙanƙara. Cikin mako guda ya zagaye gidan da katangar bulo, bai tambayi kowa ba, ba wanda ya ce masa uffan.

Baba bai taɓa yi mini gori ba. Damina ta sake samunsa yana tara kwanoni a ɗaki.

Wataƙila ban karya doka ba. Amma na gane cewa taka-tsantsan ɗin da ya kare ni, a kan 'ya'yan wani ruwansa ya zuba.