Kallabin da Ya Tsira daga Wanki

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta su, amma kwana biyun da ɗan ƙanwata ya ƙi shan madara a hannuna, wallahi ba zan taɓa mantawa ba. Yaron yanzu ya shiga makaranta, kullum da ƙwallo a hammata, amma duk na gan shi sai ranar ta dawo mini.

Yana da wata biyu ciwon ciki ya kama uwarsa, aka ce sai an wuce da ita Sakkwato an yi mata aiki. Da za a sa ta a mota ta miƙo mini shi ta ce, "Yaya, ga amana." Ni kuma da cika baki na ce, "Haba, ni da na raini biyar? Tafi abinki." Abin da ban tuna ba shi ne duk biyar ɗin da nonona suka tashi, ban taɓa riƙe fida, kwalbar shayar da jariri, ba.

Ni mai haɗa humra da turaren wuta ce, kuma ba na shiri da ƙazanta ko kaɗan. Motarsu na tashi na shiga ɗakinta na kwashe zannuwa da riguna na wanke tas, na turare su, don ta dawo ta samu wuri fes. Sannan na tafasa ruwa na haɗa madara. Robar kwalbar na taɓa bakinsa ya ture ta da harshe, ya kau da kai, ya tsala ihu. Na ce laifin robar ne, na sake iri uku, har da wadda aka kawo daga Ƙonni. A banza. Cikin ruɗewa na ƙona allura na faɗaɗa hujin, madara ta kwararo masa, ya ƙware har fuskarsa ta sauya. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, kuma ina roƙon kada kowa ya maimaita wannan wauta.

Na ruga asibitin unguwarmu. Ma'aikaciyar ta nuna mini yadda zan riƙa ba shi da ɗan ƙaramin kofi, ta ce in har washegari da la'asar bai jiƙa zanen fitsari ba, to mu bi uwarsa Sakkwato da shi. Kofin ma 'yan ɗigo yake karɓa. Ƙanwata kuwa tana farfaɗowa ta kira waya, muryarta da kyar, "Yaya, ya sha?" Na zagaya bayan katanga na ce, "Ya sha, yana barci." Na yi ƙarya, na kife wayar na yi kuka.

Washegari da hantsi sai ga Inna, uwar mijina, daga Kalmalo da busasshen kifinta. Ban so ta sani ba, don na ɗauka ɗura za ta yi masa, a toshe hancin yaro a zuba. Ta saurari kukan, wanda ya riga ya dushe, ta matso kusa da ni ta ja hanci.

"Ke ɗiyata, mi kika shafa?"

"Humra ce, Inna."

"Humra! Ni da nike tsohuwa ta hau min kai, bale wanga ɗan tsako. Uwatai yake biɗa da hanci, ke kin cika mai hanci da kasuwa. Ɗan akuya ma in uwar ta mutu ba ya kama kwalba sai ya ji warinta. Ina tufan uwar?"

Na sunkuyar da kai na ce na wanke duka. Ta tafa hannu ta yi salati. Muka birkice ɗakin ƙanwata kaf, sai can ƙarƙashin matashi muka samu wani tsohon kallabi da take goge nono da shi, duk ya ƙandare. Da na gan shi ranar wankin, da shi zan fara jefawa a ruwa.

Inna ta kore ni in yi wanka da ruwa zalla, in sa tsohon zane. Ta shimfiɗa kallabin a ƙirjina, ta sa na rungumi yaron na ɗan ɗaga kansa, ta ce in ɗauki robar da ban huda ba, kada in tura, in shafa masa a leɓe kawai in jira. Ya yi ta shinshina kallabin yana ajiyar zuciya. Can sai ya buɗe baki da kansa ya kama. Kafin azahar ya jiƙa mini zane sharkaf, ban taɓa murnar fitsari haka ba.

Da ya sake sha na kira ƙanwata na kara wayar kusa da wuyansa, ta ji yana haɗiya ƙwat, ƙwat. Sai ta ce, "Yaya, jiya na ji kukansa ta bayan katangar. Na yi shiru ne don kar ki karaya."

Tun ranar na daina cewa na san raino. Na koyi cewa jariri ba taurin kai yake yi ba in ya ƙi kwalba, uwarsa yake nema, kuma mai taimako ya fara tambaya kafin ya kama gyara. Kallabin yana nan a akwatin ƙanwata, har yau ba wanda ya wanke shi.