Kyanwar da Ta Tsani Takalman Yaya

Ni tun farko ban so kyanwar nan ba. 'Yata ce ta tsinto ta a bayan coci, ta yi ta kuka har ubanta ya ce a bar mata. Lokacin muna garin Gaithersburg a ƙasar Turawa, ina aikin nas, kullum ƙafafuna a kumbure.

Sai yayan mijina ya zo daga Kaduna yin kwas. Muka gyara masa ƙaramin ɗaki, na fitar da robar yashin da kyanwar ke bayan gida a ciki, na kai ta gefen injin wanki. Kafin ka ce me, ta fara fitsari a takalman Yaya. Nasa kaɗai, har da na zuwa coci.

Yaya ya ɗaga takalmin da yatsu biyu ya ce, "Matarmu, wannan dabbar da gangan take yi."

Na zaci ciwon mara ne. Na cusa ta a kwali, ta yakushe ni, ta cika mota da ihu har asibitin dabbobi.

Likitar, wata Baturiya mai sanyin murya, ta gwada fitsarin ta ce lafiyarta lau. Maimakon ta sallame mu, sai ta jawo kujera ta hau yi mini tambayoyi. Mun yi baƙo? Yana da ɗaga murya? Mun canza mata wuri? Na saki baki ina kallonta. Ni da nake wuni tsaye a kan marasa lafiya, babu mai tambayar damuwata, ga shi an zauna ana lallashin zuciyar kyanwa.

Ta ce, "Ƙarar injin ke firgita ta, kuma kun ƙwace mata ɗaki. Ku mayar da robar inda take."

Da na dawo gida na ce wa maigidan, "To, je ka gaya wa yayanka zai riƙa kwana da masan kyanwa."

Ya sosa ƙeya. "Ai ke kika ji daga bakin likita."

Babu wanda ya iya tunkarar Yaya. A ɗakinmu robar ta ƙare, ta gefen gadona kuwa. Fitsarin ya tsaya cak, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Duk sanyin shekarar nan, da tonon yashi nake farkawa, maigidan yana ta minsharinsa.